Zaɓen Bindiga da Harsashi don Farautar Manyan Namun Daji

Tambayar da sabon shiga ya fi yi ita ce, wace bindiga ce ta fi ƙarfi? Tsofaffin maharba ba ta nan suke farawa ba. Su kan fara da naman da za a harba, da dajin da za a same shi, da abin da doka ta yarda. Daga nan sai harsashi. Bindiga ita ce ta ƙarshe, domin aikinta kawai ta kai harsashin inda aka nufa.

Mataki na farko: doka, kafin a taɓa ƙarfe

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Akwai na amfanin kai, wato bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu da raifil ɗin farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. A Kano, tambaya kan duk wannan tana farawa ne daga hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai. Rundunar ta sha sanar da dakatar da ba da sabon lasisi saboda halin tsaro, don haka ka fara jin inda aka kwana kafin ka yi lissafin ko sisi. Dokar ba ta yarda a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai raunin gani, ko mai taɓin hankali, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Harsashi ma da izininsa. Bindigar bayan fage, komai arharta, hanyar gidan yari ce.

Akwai wani layi a cikin dokar da ya shafi zaɓenka kai tsaye. A jerin haramtattun makamai an sa bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62, da milimita 9, da inci .300, da inci .303. To shahararrun bindigogin farauta na Amurka, .308 Winchester da .30-06 da .300 Winchester Magnum, duk faɗin bakinsu ke nan. Mai bindigar zai ce tasa ta farauta ce ba ta soja ba, amma wannan musu ne da ba ka son yi a shingen bincike. Wanda zai nemi lasisi a nan gida, ya fi masa sauƙi ya karkata ga .270, ko dangin milimita 7, ko .375, kuma ya tabbata an rubuta kalibar, wato faɗin bakin bindigar, ɓaro-ɓaro a takardarsa.

Sai batun daji. Falgore da ke kudancin jihar Kano gandu ne mai kariya, haka Yankari a Bauci, haka gandunan ƙasa irin su Gashaka Gumti da Tafkin Kainji. Ba a farauta a cikinsu. Giwa da zaki da damisa da raƙumin dawa suna ƙarƙashin dokar kare namun da ke shirin ƙarewa ta 1985, wadda aka tsaurara a 2016. Gaskiyar magana, farautar manyan namu da lasisi yanzu a waje ake yinta: Namibiya, Afirka ta Kudu, Zimbabuwe, Zambiya, Tanzaniya, Mozambik. Mafi kusa da mu shi ne arewacin Kamaru, wajen Garwa, a yankunan farauta da ke kewaye da gandunan Binuwai da Faro, inda ake zuwa da rani don gwanki da ɓauna da kanki da mariya. Kenya ta hana farauta tun 1977.

Mataki na biyu: auna naman

Gada ba ta cika wuce kilo 25 ba. Mazo da mariya da kwanta-rafi suna tsakanin kilo 40 da 100. Kanki ya kan kai 150 ko fiye. Gwanki kuwa yana kaiwa 250 zuwa 300, ga taurin rai. Ɓaunar kudancin Afirka tana iya wuce kilo 700, tamu ta yammaci ta fi ƙanƙanta, amma haƙarƙarinta da faɗanta ba su ragu ba. Ka rubuta naman da ya fi girma a cikin abin da aka ba ka izini, ka zaɓi harsashi a kansa. Babban harsashi yana kayar da ƙaramin nama ba tare da matsala ba. Ƙarami a jikin babban nama sai ya raunata shi ya tsere, ya je ya ruɓe a cikin sarƙaƙiya, kuma a wajen masu dajin, digon jini ɗaya aka gani an lissafa maka naman, sai ka biya.

Ƙasashen ma sun sa iyaka. Namibiya na neman faɗin baki aƙalla milimita 7, da ƙarfin bugun harsashi, wanda ake aunawa da jul, 1,350 ga ƙananan namu, 2,700 ga matsakaita da manya, 5,400 ga ɓauna da giwa. Zimbabuwe na neman milimita 9.2 da jul 5,300 ga giwa da dorina da ɓauna. A Tanzaniya, nama mai haɗari daga .375 ake farawa.

Mataki na uku: harsashi da lambobinsa

Lambar da ke jikin kwali tana faɗin kaurin harsashi, wani lokaci da tsawon kwansonsa. 7x57 na nufin kauri milimita 7, kwanso milimita 57. A .30-06 kuwa, 06 ɗin shekarar 1906 ce da sojojin Amurka suka karɓe shi. Nauyin kan harsashi da giren ake auna shi, giren 15 da ɗan ɗori su ne giram ɗaya.

Ga namu daga gada zuwa kanki, .270 Winchester, wanda ya fito a 1925, ya wadatar. Yana jefa giren 130 da gudun kusan mita 930 a daƙiƙa, tafiyarsa miƙaƙƙiya, dukansa a kafaɗa mai sauƙi. In za a je wa gwanki da shi, a ɗauki giren 150 mai tauri. 7x57 Mauser, ɗan 1892, ya fi shi sanyin gudu, wajen mita 740 da giren 175, amma dogon kansa yana ratsa jiki ƙwarai, kuma ba ya lalata nama da yawa. Da shi wani Bature ɗan Sikotilan, W.D.M. Bell, ya kashe ɗaruruwan giwaye a farkon ƙarni na 20. Ana yawan kafa hujja da wannan, sai dai mutumin ƙwaƙwalwa yake harbi daga kusa bayan ya yi nazarin ƙoƙon kan giwa, kuma yau doka ma ba za ta bar ka ka gwada ba. 7mm Remington Magnum na 1962 ya fi su nisa, ya fi su ƙara da duka. .243 Winchester ya dace da gada da barewa da yaron da ke koyo, kada a ɗora masa gwanki.

In a waje za ka yi haya, inda batun faɗin baki bai taso ba, .30-06 da giren 180 shi ne jakin gida. Gudunsa wajen mita 820, ƙarfinsa kusan jul 3,900, babu naman da ba mai haɗari ba da zai gagare shi, kuma da wuya ka shiga shagon harsashi a kudancin Afirka ka rasa shi. Wannan batu na samuwa ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci. Jaka takan ɓata a jirgi, kuma bindiga mai baƙon harsashi, in kwalinta ya maƙale a wani filin jirgi, ta zama sanda.

Ga ɓauna, maganar ta taƙaita. .375 Holland & Holland, wanda aka fitar a Landan a 1912, yana jefa giren 300 da gudun mita 770, ƙarfinsa wajen jul 5,700. Ya haye iyakar kowace ƙasa, tafiyarsa har mita 200 ba ta da nisa da ta .30-06, don haka bindiga ɗaya za ta yi maka ɓauna da safe, gwanki da yamma. In mutum ɗaya zai riƙe bindiga ɗaya a Afirka, wannan ce. Akwai 9.3x62 na Bajamushe Otto Bock, ɗan 1905, mai giren 286. Ya fi .375 sauƙi a kafaɗa, ya kashe ɓaunaye ba adadi, amma ɗurinsa na kanti wajen jul 4,800 yake bayarwa, wato ƙasa da iyakar Namibiya da Zimbabuwe, sai ka tambayi jagoran farautarka tukuna. Sama da su akwai .416 Rigby na 1911, giren 400, kusan jul 6,900. Yana da kyau a hannun wanda ya saba da shi, amma mafi yawan mutane ba su saba ba.

Mataki na huɗu: gwada kafaɗarka

A nan ne aka fi yin asara. A bindigogi masu nauyin da aka saba, dukan .375 ya kusan ninka na .30-06 sau biyu, na .416 kusan sau uku. Mutum ya sha duka sau biyar ko shida, sai jikinsa ya koyi tsoro ba da saninsa ba. Kafin harsashi ya fita ya runtse ido, ya tura kafaɗa gaba, ya fizgi kunama. Harsashin sai ya sauka ƙasa ko gefe, shi kuma ya ɗora laifin a kan madubin seti.

Gane wannan ciwo ba wuya. A filin gwaji, ka juya baya, abokinka ya ɗura maka bindigar, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu komai, ba tare da ya gaya maka ba. Ka yi seti ka ja kunama. In ta yi ƙyas babu harsashi amma bakin bindigar ya sunkuya, to tsoron ya shiga. Maganinsa komawa ƙaramar bindiga irin .22, da yawan jan kunama babu harsashi bayan an duba sau biyu cewa babu, da toshe kunne. Rabin tsoron daga ƙara yake zuwa. Kada ka harba babbar bindiga fiye da sau 8 ko 10 a zama ɗaya.

Sai gwajin faifai. Ka yanki kwali girman faifan rufe ƙwarya, faɗin santimita 20, ka kafa a mita 100. Ka tsaya da ƙafafunka, ka ɗora bindigar a kan sanduna uku na gora da aka ɗaure sama da robar tayar keke, irin yadda ake harbi a daji, domin ciyawa ba ta barin mutum ya kwanta. Harbi biyar, duka biyar su shiga. Nisan da kake iya yin haka shi ne iyakarka, ko da an ce bindigar tana kai mita 400. Kuma kalibar da ta fi girma wadda kake cin wannan gwaji da ita, ita ce taka. .270 a huhu ya fi .375 a tumbi.

Mataki na biyar: kan harsashi

Bindiga ba ta taɓa nama. Ɗan ƙarfen nan mai nauyin giram 10 zuwa 20 shi ke aikin. Mafi arha shi ne dalma da aka sa wa siririyar rigar tagulla. Yana da kyau a jikin mariya ko mazo in gudun bai yi yawa ba. Amma in ya fito daga Magnum ya daki ƙashin kafaɗar gwanki daga mita 50, rigar takan rabu da dalmar, ya tarwatse a waje, ya bar babban rauni marar zurfi. Irin abin da ya sami wani maharbi ɗan Amurka, John Nosler, ke nan da wani ƙaton nama a Kanada, ya sa ya ƙera harsashin Partition a 1948: bango a tsakiyar harsashin, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da kutsawa. Swift A-Frame ya ƙara da manne dalmar da rigar. Barnes TSX kuwa tagulla ce zalla, tana buɗewa gida huɗu, kusan ba ta rasa nauyi. Sai dai ita tagulla tana son gudu, in ta yi nisa ta yi sanyi ba ta buɗewa sosai, kuma ta kan fita ta ɗaya gefen. A cikin garken ɓauna ka duba abin da ke bayan wadda ka nufa.

Akwai kuma dunƙulalle wanda ba ya buɗewa ko kaɗan. Na giwa ne da dorina. Ga ɓauna, tsarin da aka daɗe ana bi shi ne mai buɗewa mai tauri a harbin farko, dunƙulallu a ƙarƙashinsa don harbin biyo baya, lokacin da ta juya maka gindi. Ka gwada su duka biyun a takarda, domin ba dole su sauka wuri ɗaya ba. A kowace kaliba, ga babban nama ka ɗauki mai nauyi: 150 a .270, 160 zuwa 175 a milimita 7, 180 a .30, 300 a .375.

Mataki na shida: ita kanta bindigar

Mai sakata ita ce zaɓi. Mai sarrafa kanta ba a yarda a shiga da ita yawancin ƙasashen farauta ba, mai baki biyu ta manyan namu kuma kuɗinta ya kai na mota. Sakata iri biyu ce. Ta tsarin Mauser 98 tana da dogon farce da ke cafke gindin kwanso tun daga gidan harsashi har ɗaki, ya kuma fizgo shi waje da ƙarfi. Winchester Model 70 na tsarin gargajiya da CZ 550 haka suke. Ɗaya irin, kamar Remington 700, tura harsashin kawai take yi, sai an rufe sannan farcen ya kama. Ga namun da ba sa kawo hari duk ɗaya ne. Ga ɓauna, mai dogon farce ta fi kwantar da rai. Amma ko wacce ce, abin da ke sa ta cushe a lokacin tsoro shi ne jan sakata rabi. Ka ja ta har ta buga baya, ka tura da ƙarfi, gindin bindigar na kafaɗarka.

Nauyinta haɗe da madubi: wajen kilo 3.5 zuwa 4 ga .270 da danginsa, 4.3 zuwa 4.5 ga .375. Mai sauƙin ɗauka ita ce mai zafin duka. Tsawon bututu santimita 56 zuwa 61. Kunama ta saki a nauyin kilo ɗaya da rabi ko kusa, ba tare da jan ƙafa ba. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi yawanci santimita 34 zuwa 35 ne. Don gwada ko ta dace da kai, ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka buɗe. In sai ka miƙa wuya ko ka ɗaga kunci kafin ka ga cikakken da'irar madubi, ba ta zauna ba. Ka gwada da rigar da za ka sa a daji, ba da babbar riga ba.

In ta hannu ce daga dila mai rajista, ka cire sakata ka leƙa bututun ta wajen haske. Murɗaɗɗun tsagogin ciki su fito da kaifi, musamman daf da ɗakin harsashi inda wuta ke ci. Ka duba leɓen bakin, ɗan lotsawa a nan ya isa ya watsa harbi. Ka duba katako a bayan sakata, nan yake fara tsagewa a manyan bindigogi. Lambar jikinta ta yi daidai da ta takarda.

Mataki na bakwai: madubi da daidaita seti

Ga namun fili, madubi 3-9x40, wato mai girmama abu sau 3 zuwa 9, ya isa. Ga ɓauna, mai ƙaramin ƙarfi irin 1-6x24, a bar shi a 2 ko ƙasa, domin a mita 20 babban ƙarfi baƙin gashi kawai zai nuna maka. Tazarar ido daga madubi ta kai santimita 9, in ba haka ba .375 zai yi maka tsaga a gira. Kada ka yi rowa a zobban da ke riƙe shi, su ne ke fara sassautawa.

Ka fara a mita 25 don ka hau takarda, sannan ka koma 100. Harba uku, ka auna tsakiyarsu, kada ka bi kowane rami da gyara. A madubi mai kwata, wato wanda aka rubuta 1/4 a maɓallin gyaran setinsa, ƙyas ɗaya na murɗa maɓallin yana motsa harbi wajen milimita 7 a mita 100, don haka in sun karkata hagu da santimita 6, ƙyas 8 ke nan zuwa dama. Ka bar bututu ya huce tsakanin rukuni. Ga .270 da giren 130, in ka sa shi santimita 4 sama a mita 100, zai faɗa daidai wajen mita 180, ya sauka kusan santimita 17 a mita 275. .375 na ɓauna a sa shi daidai a 100. In ka canza kamfanin harsashi ko nauyinsa, sabon seti. In ka sauka daga jirgi, sabon gwaji kafin a shiga daji.

Wurin nufi kuwa, namun Afirka zuciyarsu da huhunsu suna gaba, tsakanin kafaɗu. In naman ya ba ka gefe, ka bi ƙafar gaba ka hau, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa. Wanda ya harba bayan kafaɗa da tazarar tafin hannu biyu ya sami tumbi. Ga Musulmi, a yi bisimilla lokacin sakin harbi, in an tarar da naman da sauran rai a yanka shi. Risala ta ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, don haka a san inda naman zai tafi tun kafin a harba.

Abin da yanayinmu ke yi wa bindiga

Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai sai ta zama kamar garin wasa wuƙa. Da rani a goge sakata ta kusan bushewa, ɗigo ɗaya a bayan haƙoranta ya isa. Da damina a shafa mai sama-sama saboda tsatsa, amma a tsane bututu da ɗakin harsashi kafin harbi. Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, yana ƙara matsin albarushi. Kwalin da ya wuni a gaban gilashin mota zai iya sa sakata ta yi tauri bayan harbi. In ka ga haka, ko ka ga hular gindin kwanso ta baje, ka dakata. Ɗamarar fata irin ta dukawan Kurmi tana da kyau a daji, amma in harsashi ya yi watanni a cikinta sai kwanson ya yi kore ya riƙa maƙalewa, a cire su in an dawo.

Kada kaliba biyu su haɗu a aljihu ɗaya. Harsashin .308 yana iya shiga ɗakin .270 sakata ta rufe, kuma kansa ya fi bututun kauri, in aka harba bindigar na iya fashewa a fuska. Abin da aka rubuta a jikin bututu shi kaɗai ake sa mata. Sannan zanzaro. Bindigar da aka jingine a ɗaki mako biyu, yana iya gina gidan laka a cikin bakinta. Ka leƙa bututu duk safiya kafin ɗuri, ka liƙa ɗan salatif a bakin, iskar da ke gaban harsashi za ta ture shi, ba ya taɓa seti.

Fita da bindiga daga Najeriya na buƙatar izinin fitarwa, ƙasar da za ka ma tana da nata. Afirka ta Kudu na da fom ɗin 'yan sanda mai lamba SAPS 520, kuma ba ta yarda da bindiga biyu masu kaliba ɗaya ba. Jiragen sama ba sa ɗaukar harsashi fiye da kilo 5 ga mutum ɗaya, a kwalinsa, bindiga kuma babu ɗuri cikin akwati mai tauri da kwaɗo. Shi ya sa da yawa ke hayar ta sansanin farauta. In haka za ka yi, ka rubuta musu tun da wata uku, ka tambayi kaliba, da nauyin kan harsashi da irinsa, da madubin da ke kai, ka kuma nemi a ware maka safiyar farko da harsashi 10 a filin gwaji.